Ƙofar Tsami

Shekara uku Dikko ya yi a Ingila, kuma a cikin ukun nan babu wasiƙar da ya aiko gida wadda ta faɗi abin da yake karantawa. Yakan rubuto wa mahaifinsa, Malam Abdulƙadir, da ajami, da hannun nan nasa mai kyau na makarantar zaure, ya ce yana lafiya, ana sanyi, ya sami masallaci a wani ɗaki bisa shagon wani Bafakistane, a gai da mutanen gida. In ya iso wurin da ya kamata ya bayyana aikinsa sai alƙalami ya cije. Mutum ne mai shekara arba'in ba biyu, ya bar mata da 'ya'ya huɗu a Tambuwal, gwamnatin jiha ta sa shi a jirgin sama. Da wane baki zai gaya wa Malam Abdulƙadir cewa ya ƙetare teku ne don ya gano yadda funfuna take shan tsami? Sai ya rubuta "karatu yana tafiya", ya lashi ambulan ya liƙe.

Ga abin da yake yi a can, tunda shi ya kasa faɗa. Akwai wasu ƙananan halittu, dangin funfunar da ke hawa kan tuwon da ya kwana biyu, da yis ɗin da masu burodi ke kwaɓawa. Ido ba ya ganin guda sai sun taru dubu dubai. Kowace ƙwaya a rufe take ruf cikin wata fata siririya, amma in ka zuba su cikin ruwa mai tsami, irin tsamin nono, sai su shanye tsamin su rayu da shi. Tambayar Dikko ita ce ta ina tsamin yake shiga. Shi ke nan. A kan wannan ya yi furfurarsa ta farko.

Takardar da ta jawo magana ba shi ya rubuta ta ba. Jami'ar ce ta aiko da wata takarda zuwa adireshin gida, da Turanci, ɗauke da sunan bincikensa. Malam ba ya karanta boko, don haka aka kira Ɗangiwa, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin tasha. Ɗangiwa ya sa tabarau ya bi layin da yatsa. Kalmomi goma sha ɗaya ne, goma bai taɓa gamuwa da su ba, amma ta farkon ya san ta sarai, don kullum yana ganinta a goshin manyan motocin da ke wucewa Jega. Taransifot. Ya tuɓe tabarau ya ce, "Malam, albishirinka. Dikko sufuri shika karantawa."

Zamanin kuwa zamanin mota ne. Kuɗin mai sun shigo, kwalta tana ta miƙewa, kowane akawu yana mafarkin Fijo, kowane ɗan kasuwa yana mafarkin gingimari. Kafin la'asar labari ya gama Tambuwal, kafin kasuwa ta zagayo ya kai Jabo da Kebbe.

Dikko ya dawo da daminar 1979, aka ba shi koyar da kimiyya a wata kwaleji, ya kuma shigo gari cikin farar Fijo, wadda ta gaskata Ɗangiwa fiye da duk wata takarda. Ya yi niyyar gyara maganar ran da ya sauka. Amma ran nan direbobi ne suka tarye shi tun daga bakin gari suna ta busa oda, Ɗangiwa na gaba da sabuwar hula, sai ya ce bari gobe. Gobe ta zo, wani ya kawo masa babur ya ce Dakta ya saurari kukan injin. Dikko ya karkata kai ya saurara, ya ce a kai wa bakanike, mutumin ya tafi yana cewa ka ji masana, ba su ɓata baki. Gaskiyar magana abin ya yi masa daɗi. Shekara goma sha biyu ya yi yana koyarwa bisa keke, ba wanda ya taɓa miƙewa tsaye don ya shigo tasha. Yanzu har shayi ake miƙo masa.

Wuri ɗaya ne sunan Dakta Taransifot yake yi masa ɗaci, shi ne zauren mahaifinsa.

Malam Abdulƙadir yana da hali biyu, kuma duk Tambuwal an san su. In ya ɗauke ka ɗalibin ilimi, ba zai bar ka ka gama jimla ba. Zai cafke kalma ɗaya daga bakinka ya juya ta, ya tambaye ka inda ka samo ta, ya kira ka da sunanka tsura, ku yi ta ja har abinci ya huce. In kuwa ya ɗauke ka mutumin duniya, ɗan kasuwa ko ma'aikacin hukuma, to ba ka taɓa ganin ladabi irin nasa ba. Zai tambaye ka sana'a, ya yi maka addu'a mai tsawo, ya sallame ka da murmushi. Dikko da gardamar nan ya tashi. Tun yana ɗan shekara tara bai taɓa faɗin abu a zauren nan an ce masa haka ne ba. Ko da ya shiga boko gardamar ba ta yanke ba, Malam ya taɓa riƙe shi wuni guda a kan dalilin da ya sa ƙanƙara take iyo bisa ruwa.

Yanzu in ya durƙusa ya yi gaisuwa, sai Malam ya ce, "Sannu Dakta. Ina gajiya? Yaya motoci?"

"Lafiya lau, Allah shi gafarta Malam."

"Madalla. Allah shi tsare hanya, shi kiyaye dukiya."

Wata biyu ke nan ana haka. Dikko ya fi son a zage shi. Ya sha shirya bayani cikin mota, amma da ya iso bakin zaure sai ya tuna cewa mai sufuri dai an san amfaninsa, mai binciken funfuna fa? Tsoronsa kada ya fita daga sahun 'yan duniya ya faɗa sahun waɗanda ake yi wa addu'ar samun lafiya.

Ana nan wata Alhamis sai ga Jumare bisa babur daga Kebbe. Jumare ɗan Goggo Marka ne, yayar Malam, wato taubashin Dikko, kuma tun suna yara bai taɓa ganin Dikko ya bar shi ya wuce lafiya ba. Ya same shi a zauren Malam, ya gai da kawunsa, sannan ya juyo.

"Bature, an dawo da wuyan wando awa na mai kamun kifi. To, 'yan kasuwar Kebbe sunka aiko ni. Sun haɗa kai za su sayen babbar mota, ta ɗaukar hatsi. Sun ce ba su taɓa komi sai Dakta ya zo ya ga hanya da idonai, shi faɗa musu Marsandi ta dace ko Fiyat."

Dikko ya fara cewa akwai jarrabawar ɗalibai a gabansa. Malam ya ɗaga kai daga littafi, cikin muryar nan tasa ta ladabi, ya ce, "Ka tafi mana, Dakta. Abin da mutum ya koyo, mutane na da hakki cikinai."

Ran Asabar da safe suka kama hanya, Jumare na gaba bisa babur, Fijo na biye. Da suka bar kwalta sai hanya ta koma abin da Allah ya yi ta. An yanke gero an jingine, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lokacinta, shanu suna ratsa hanya ba su ko dubi mai mota ba. Dikko ya sauke gilashi. Ƙamshin karan gero da ƙasa mai sauran laima ya shigo, ya ji ransa ya yi fari duk da abin da ke jiransa. Shekara uku yana kewar wannan ƙamshin cikin ɗakin da ke warin sinadari.

Sun ci fiye da rabin tafiya suka iso wani kwazazzabo da ruwan damina bai gama janyewa ba. Jumare ya bi ta gefe inda yashi ya fito. Dikko ya dubi ruwan, ya yi abin da yake zaton masanin sufuri zai yi, wato ya taka mai ya shiga tsakiya da gudu. Ruwa ya tashi ya rufe gilashi, mota ta yi tari biyu, ta haura gaɓar can da kyar, ta mutu.

Jumare ya kafe babur ya dawo a ƙasa. "Buɗe muna gaban mu gani, Dakta."

Dikko ya laluba ƙarƙashin sitiyari. Ya ja wani abu, ruwa ya fesa gilashi. Ya ja wani, kujera ta zame baya da shi. Jumare ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu, har ya ƙoshi, sannan ya zura hannu ta taga ya ja abin da ya kamata, murfin inji ya ɗaga.

"Wagga irin ta Faransa ta," in ji Dikko. "Mu can da ta Ingila munka saba."

"Haka na. Ni ma jakin Kebbe kaɗai ni iya hawa, in anka ba ni na Jabo sai in rasa inda wutsiya take."

Jumare ya cire filogi ya goge da gefen rigarsa, ya ce wayoyi sun sha ruwa, sai rana ta busar da su. Suka bar motar a buɗe wurin wasu manoma da ke ɗaurin dami, Dakta Taransifot ya naɗe babbar riga ya hau bayan babur, ya shiga Kebbe yana rungume da taubashinsa.

'Yan kasuwa sun ce sai bayan azahar, don haka suka fara sauka gidan Goggo Marka. Tsohuwa ce doguwa, ta haura saba'in, gidan mijinta gidan shanu ne, kuma rabin furar da ake sha a unguwar da nononta ake damawa. Ta rungumi kan Dikko ta ce ya rame, ta ce Turawa ba su da abinci, ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumbu. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya biyu. Ta buɗe ta farko ta jinjina kai, ta buɗe ta biyu ta ja tsaki ta ture ta gefe.

Dikko ya leƙa wadda aka ture. Bisa nonon akwai wata farar fata mai laushi, ta yi 'yan ƙananan tattara kamar goshin jariri. Ya ji abin da mutum ke ji in ya gamu da abokin zamansa na ƙasar waje a tsakiyar kasuwar ƙauye. Ita ce. Irin wannan ya yi ta renonta cikin kwalabe, yana auna mata zafi, yana hana kansa hutun Lahadi dominta.

"Goggo, wanga fa?"

"Bar shi, na kaji na. Na mance da shi bayan tukunya, ya kwana fuɗu, ya yi riga."

"In ya yi riga mi ka faruwa?"

"Kai ba ka sha nono ba kaka girma? In ya yi riga tsamin nai tafiya shika yi. Shi koma lami, daga nan sai wari."

"Ina tsamin ka zuwa?"

Ta dube shi kamar mai duban wanda rana ta taɓa. "Rigar ka shanye shi mana. Wa kaka zato, aljannu?"

Sai da Dikko ya yi wata takwas a Ingila kafin ya tabbatar da wannan jimlar da awo, har malaminsa ya yi masa barka. Ya ajiye ludayi ya ce, "Goggo, ni ban san komi ba ga mota. Abin ga da kika ture da ƙafa, shi ni tafi karantawa."

Jumare, da ke tsugune yana shan fura, ya ƙware. Sai da aka bubbuga masa baya.

Goggo ba ta yi dariya ba, ta dai ƙare masa kallo. "Shekara ukku?"

"Ukku."

"Da ka taho nan da na faɗa maka kafin fura ta ƙare, in haɗa maka da man shanu."

"Ke kin san tana sha. Ni an aike ni in gano ta ina shika shiga."

Ta jawo ƙwaryar da ta ture ta duba da kyau. "To ai ba ta da baki."

"Ba ta da."

"To ta ina?"

Nan Dikko ya ga abin da bai taɓa gani ba tun da ya dawo, wato wani yana jiran amsarsa a kan abin da ya sani. Ya fara da Turanci a cikin kansa, ya ga ba hanya, ya sauko. Ya ce rigar nan ba abu ɗaya ba ce, taron halittu ne masu rai, kowace da fatarta, fatar kuwa ta maiƙo ce, abin da ke narke cikin ruwa ba ya ratsa ta da sauƙi, kamar yadda ruwa ba ya kama ƙwaryar da aka shafe da mai. Amma a jikin fatar akwai wasu wurare da aka yi musamman, nan tsamin yake bi.

"Ƙofa ke nan," in ji Goggo.

"Ƙofa," in ji Dikko, yana jin kalmar a bakinsa. Shekara uku yana nemanta da ajami bai samu ba.

"To mi ab abin ɓoyo ciki? Ka bar Ƙadiri da baƙin ciki a banza." Ita kaɗai ce a duniya take kiran Malam Abdulƙadir haka. "Da Sallah ya zo nan, nic ce mai ina labarin Dikko, yac ce Dikko ya zaɓi tayar mota, Allah shi ba shi sa'a. Bai ƙara ba. Furata ma bai shanye ba."

"Ina tsoron shi raina, Goggo."

"Wa, Ƙadiri? Mutumin da yay yi shekara biyu Gwandu yana karatun ruwa? Wane ruwa ka alwala, wane ba shi yi, in ganye ya faɗa ciki, in ɗanɗano ya jirkita. Uwarmu tana ta faɗin a dawo da shi shi yi noma, ruwa dai ko akuya ta san shi. Ku dut irinku ɗaya, ba ku iya barin ƙaramin abu shi huta."

Bayan azahar ya je wurin 'yan kasuwa, su goma sha wani abu, a rumfar babbansu. Ya ce musu shi bai karanci mota ba, kuskuren karatun takarda ne, kuma in suna son shawara su nemi Almu direba, wanda ya yi shekara ashirin yana bin hanyar nan. Suka dubi juna. Babban nasu ya ce ka ji ilimi, mai shi ba ya nuna kansa, kuma lalle Almu za a nema tunda Dakta da kansa ya zaɓe shi. Dikko ya sake bayani, suka sake yaba tawali'unsa. Jumare ya ja hannunsa ya ce, "Taho mu tafi, kada su naɗa ka sarkin tasha."

Rana ta yi aikinta, Fijo ta tashi da murɗawa ɗaya. Ya koma Tambuwal kafin magariba, a hankali ƙwarai, ƙwaryar kaji na zaune a kujerar gaba an rufe ta da faifai an ɗaure da tsumma.

Washegari da hantsi, bayan masu ɗaukar karatu sun watse, ya shiga zaure ya durƙusa, ya ajiye ƙwaryar tsakaninsa da Malam.

"Sannu Dakta. An dawo lafiya? Yaya hanya?"

"Hanya ta ka da ni, Malam. Ga saƙo, amma ba na sha ba na."

Ya ɗaga faifan. Malam ya leƙa, ya ɗan ja hanci baya. Dikko bai jira ya rasa ƙarfin hali ba, ya faɗi duka a jere: takardar jami'a, kalmar da Ɗangiwa ya gane, goman da bai gane ba, da wata biyun da shi kansa ya yi yana shan shayin tasha a kan ƙarya. Sannan ya faɗi abin da ya karanta, da kalmomin da ya samo a Kebbe.

Malam ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba, kamar yadda yake yi wa 'yan duniya. Ya daɗe yana duban nonon. Can ya ce, "Ƙofar ga, ka gan ta?"

"A'a."

"Da madubin nan naku mai girmama abu?"

"Ko da shi. Ta fi ƙarfinai ƙanƙanta. Ba wanda yat taɓa ganinta."

"To shaidar zur kaka yi."

Dikko bai yarda ya yi murna ba tukuna. Ya gyara zama. "Ba a gan ta ba, amma an ga aikinta. In ka ƙara musu tsami, shan su ka ƙaruwa. Ka ƙara, shi ƙaru. Sai a kai wani wuri inda ko ka zuba musu tulu guda, ba su wuce haka. Da ta ko'ina shika ratsawa, da ba iyaka. Iyakar ta nuna wurin shiga ƙidayayye na, awa zauren ga ran suna, komi yawan mutane sai dai su shiga ɗaya bayan ɗaya."

"Ko kuwa sun ƙoshi. Kai in ka ƙoshi ba ka bari?"

"Mun yi zaton haka. Shi ya sa muka auna cikin daƙiƙa goma na farko, kafin komi shi taru cikinsu."

"Hm." Malam ya rufe littafin da ke kan cinyarsa ya ajiye gefe. "Daɗa."

"In ka haɗa musu tsamin nono da tsamin hallu, wato ruwan kal, sai kowane shi rage ma ɗan'uwanai shiga, suna turereniya. In ko tsamin lemo kah haɗa, ba ruwan wani da wani. Wato na farko biyun ƙofarsu ɗaya, na lemo tashi daban."

"Tsami ba tsami na ba?"

"Ga harshenmu. Su sun fi mu tantancewa."

"Daɗa."

"In ka ba su sukari, sai su bar shan tsami gaba ɗaya. Ƙofar ta ɓace. In sukari ya ƙare, bayan 'yan sa'o'i ta dawo."

"Wannan ko a Tambuwal an san shi," in ji Malam. "Tun da kantuna sunka cika, wa ka neman kunun tsamiya?" Bai yi murmushi ba, amma gemunsa ya motsa. "To wa ka gaya ma ƙofar sukari ya zo? Ita tana ga fata, sukari ya bi ta wani wuri."

"Ban sani ba, Malam."

"Malaminka fa?"

"Shi ma bai sani ba. Ya ce wanda duk yag gano, a rubuto mai."

Malam ya jinjina kai sau biyu, a hankali, kamar wanda aka kawo wa labarin wani mutumin kirki a wata ƙasa. Aka yi sallama daga cikin gida aka turo akushin tuwo da miya, aka ajiye a bakin ƙofa. Ba wanda ya dube shi.

Malam ya ɗauki tsinken da yake sa alama a littafi, ya taɓa farar rigar nonon, ta tattare ta bi tsinken. Ya ɗaga ta sama yana dubawa a hasken da ke shigowa.

"Amma kun yi kuskuren suna. Wagga ba ƙofa ba ta."

"Goggo tac ce ƙofa, ni ma na ga ta dace."

"Marka nono tas sani, ba lugga ba. Ƙofa ba ta sanin baƙo. In ka buɗe ta, malami shi shiga, akuya ta shiga. Abin da kaka siffantawa yana zaɓe, yana ɗaukar wanga shi bar wancan, kuma yana da iyakar abin da shika ɗauka. Wannan mai fito na. Shi aza ka cikin jirgi, shi ƙetare da kai, shi komo."

"Mai fito tafiya shika yi shi dawo, Malam. Wanga ba mu da tabbacin yana motsawa daga wurinai. Wasu na ganin kafe shike cikin fatar, sai dai shi buɗe nan shi rufe can."

"Wasu. Su wa? Kai mi kag gani?"

"Awon da niy yi bai iya rarrabe—"

"To kada ka ce ƙofa. Ka ce abin da awonka ya ba ka, ka tsaya nan."

"Ai mai fiton ma awo bai ba da shi ba."

"Ni ban yi awo ba, da maganarka ni kama ka. Kai kac ce yana zaɓe."

"Ƙofa ma tana zaɓe in an yi ta daidai jikin mai shiga. Raƙumi ba shi shiga wagga."

"Wannan ƙanƙanta ta hana shi, ba sani ba. Kai Dikko, ba ka saurare. Tun kana yaro haka kake, sai ka riƙe kalma awa kare da ƙashi. Matso nan. Ɗauko allon can ka zana min fatar, in ga inda kaka cewa tana buɗewa."

Dikko ya miƙa hannu ya jawo allon da tawada. Gwiwarsa ta bugi ƙwaryar, nonon kaji ya ɗan zuba bisa tabarma, Malam ya ce a bar shi, a goge daga baya. Ya ja layi biyu kusa da juna, ya fara cewa wannan ita ce fatar, Malam ya ce ta yi kauri, ai ya ce siririya ce.